Jirgin da Ya Gagari Igwa, Tsatsa Ta Kusa Cinye Shi

A bakin tekun Galveston, a jihar Texas ta ƙasar Amurka, akwai wani tsohon jirgin ruwan yaƙi da ya ba shekara 110 baya. Sunan jihar aka raɗa masa, wato Texas. Cikin manyan jiragen yaƙi irinsa, masu sulke da manyan igwa, shi kaɗai ne ya ga Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu kuma yake nan har yau. Jamusawa sun auna shi sun same shi, bai nutse ba. Ya je Okinawa, inda matuƙan jiragen saman Japan ke faɗa wa jiragen ruwa da gangan, ya dawo lafiya. Amma lokacin da ya fi kusantar halaka, a ɗaure yake cikin ruwa mai kwanciya, babu mai harbinsa, 'yan makaranta na hawa suna sauka, baƙi na ɗaukar hoto. Ruwan sama da tsatsa da ƙarancin kuɗin fenti ne suka kusa kai shi ƙasa. Labarinsa ya isa a tsaya a yi nazari.

A Newport News da ke jihar Virginia aka ƙera shi. An fara aikin a 1911, an tura shi ruwa a watan Mayun 1912, ya shiga aikin soja ranar 12 ga Maris, 1914. Tsawonsa ya kai mita 175, nauyinsa kimanin tan 27,000. Yana ɗauke da manyan igwa goma, faɗin bakin kowace inci 14, kowane harsashi kuma ya haura kilo 500. Da kwal yake tafiya da farko, ma'aikata na ɗura shi da shebur cikin wutar tukwanen tururi. A 1918 ya haɗu da rundunar ruwan Birtaniya a Tekun Arewa, yana nan kuma lokacin da jiragen Jamus suka miƙa wuya a watan Nuwamban shekarar. Tsakanin 1925 da 1926 aka yi masa babban gyara: aka mayar da shi mai amfani da mai, aka kuma liƙa masa wasu dogayen tankunan ƙarfe a haƙarƙarinsa na dama da na hagu, domin idan makamin ƙarƙashin ruwa ya zo ya fashe a jikinsu kafin ya kai ga ainihin jirgin. A riƙe zancen tankunan nan, za mu sake haɗuwa da su.

A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi ta yawon fama. Ya yi luguden wuta a gaɓar Maroko a Nuwamban 1942. Ranar 6 ga Yuni, 1944, da sojojin ƙawance suka sauka a Normandy ta Faransa, ya harba manyan harsasai 255 cikin minti 34 a kan sansanin Jamusawa na Pointe du Hoc. Bayan 'yan kwanaki fagen daga ya matsa cikin tudu har ya fi ƙarfin inda igwarsa ke kaiwa. Sai kwamandansa, Kyaftin Charles Baker, ya sa aka ɗura ruwa a tankin kariya na gefen dama, jirgin ya ɗan karkata, bakin igwa ya ƙara ɗagawa sama, harsashi ya kai inda ake so. Ranar 25 ga Yuni kuma, a gaban tashar Cherbourg, harsashin Jamusawa ya daki wajen ɗakin tuƙi, ya kashe mai riƙe da sitiyari, Christen Christensen, ya raunata wasu. Wani harsashin ya huda gaban jirgin ya kwanta a ɗakin wani hafsa bai fashe ba. Christensen shi ne mutum ɗaya tak da wutar abokan gaba ta kashe a cikin jirgin a duk shekarun da ya yi yana aiki.

Da yaƙi ya ƙare, ƙaddarar tsofaffin jirage ta rabu. Ɗan'uwansa New York, wanda aka ƙera su bisa tsari ɗaya, an kai shi gwajin bam ɗin nukiliya a tsibirin Bikini a 1946, aka nutsar da shi a 1948. Birtaniya kuwa duk manyan jiragenta na wannan aji ta sayar an yayyanka. Mutanen Texas suka ce nasu ba za a yanka ba. Suka tara kuɗi, aka jawo shi zuwa San Jacinto, kusa da birnin Houston, filin da suke girmamawa domin a nan suka ci yaƙin 'yancinsu a 1836. Ranar 21 ga Afrilu, 1948, ranar tunawa da wancan yaƙin, aka miƙa shi ga jihar da gagarumin biki. Ya zama babban jirgin yaƙi na farko da aka mayar gidan tarihi na dindindin a Amurka.

A ranar bikin nan ciwon ya soma, ko da yake babu wanda ya gan shi. Lokacin yaƙi mutum kimanin 1,800 ne ke zaune a cikin jirgin. Harbi aikin 'yan sa'o'i ne a shekara. Sauran kwanakin, abin da mafi yawansu ke yi shi ne kankare tsatsa da guduma, shafa fenti, goge daɓe, zuba mai a gaɓoɓin injuna, da zagayawa ɗaki-ɗaki ana duba ko ruwa ya taru. In an ga tabon tsatsa da safe, kafin la'asar an kankare an shafe. Bayan 'yan shekaru kuma a fitar da jirgin daga ruwa a duba cikinsa. Da aka mai da shi gidan tarihi, sai duk waɗannan hannuwa suka tafi gida, aka bar 'yan tsirarun ma'aikata da kuɗin shigar da bai taka kara ya karya ba. An ba shi girma, an ba shi suna, an kafa masa hukuma. Abin da ba a tanadar masa ba shi ne wanda zai riƙa sauka ƙasa da fitila yana dubawa, da kuɗin da za a biya shi.

Mu matsa kusa mu ga yadda tsatsa ke aikinta. Jiragen wancan zamani ba da walda aka haɗa su ba. Fallen ƙarfe ake ɗorawa a kan leɓen wani, a huda su, a zura ƙusa mai kai wadda aka gasa ta yi jawur, a doke ɗaya bakin har ya baje. In ta huce sai ta tsuke, ta matse fallayen biyu. Irin ƙusoshin nan ba su lissafuwa a jikin Texas. To, a ce fentin da ke kan guda ɗaya ya yi 'yar tsaga wadda ido ma ba ya gani sosai. Danshi ya shiga, iska ta bi bayansa. Ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iska sai ya fara komawa irin jar ƙasar da aka narko shi daga cikinta, gishiri kuma ƙara wa abin sauri yake yi. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka sai ta kumbura a ƙarƙashin fenti, ta ɗaga shi, ta buɗe wa sabon danshi hanya. In ta samu shiga tsakanin fallaye biyu, tura su take yi suna rabuwa. Inda ta fi ɓarna kuwa shi ne daidai layin da ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, wurin da ke jiƙewa yana bushewa dare da rana. Ba ta da ƙara, ba ta hutun Lahadi. Mai yawon buɗe ido yana sama yana shafa sulken da kaurinsa ya kai inci 12, a ƙarƙashin ƙafarsa kuwa akwai fallen da ke sirancewa har wata rana yatsa ya iya huda shi.

Haka shekara ashirin ta wuce. Fenti ya ɓare a ɗakunan ciki, bututun da ke buɗe ga ruwan waje suka ruɓe, ruwa ya cika wasu tankuna da lunguna. Zuwa 1968 katakon da aka shimfiɗa a doron jirgin ya ruɓe, ruwan sama na bi ta cikinsa yana taruwa a ƙasa. Hukumar da ke kula da shi ta yi lissafin kuɗin sabon katako ta ga ya fi ƙarfinta. Sai aka ɗauki hanya mai araha: aka ɓamɓare katakon, aka zuba kankare a madadinsa. A ido abin ya yi kyau, daɓe sumul, babu rami, babu ruɓa. Sai dai ƙarfe yana miƙewa in rana ta buga, yana tsukewa in sanyi ya sauka, kankare kuwa ba ya iya bin sa. Ya tsattsage. Ruwa ya ci gaba da shiga kamar da, har ma abin ya fi muni, domin yanzu yana kwanciya tsakanin kankare da ƙarfe, inda iska ba ta busar da shi, ido ba ya ganinsa, guduma ba ta kai gare shi.

Ba na zargin waɗanda suka zuba kankaren nan da mugun nufi. Mutane ne masu son jirgin, kuɗi ne babu, suka yi abin da hannunsu ya kai. Amma abin lura na farko yana nan: rufe ɓarna daban, gyara ta daban. Ruɓaɓɓen katako mummuna ne, amma yana faɗin gaskiya, duk wanda ya taka shi ya san akwai matsala. Kankare ya rufe wa matsalar baki, ta ci gaba da cin jirgin cikin sirri. Gyaran da babban amfaninsa shi ne ya kwantar wa mai kallo hankali ya fi rashin gyara haɗari, domin yana ɗauke tsoron da zai sa a tashi tsaye.

A 1983 aka miƙa jirgin ga hukumar kula da wuraren shaƙatawa da namun daji ta jihar. Masana suka duba suka ce sai an fitar da shi daga ruwa. Aka shafe shekaru ana tara kuɗi, har suka kai kimanin dala miliyan 15. Ranar 13 ga Disamba, 1988, bayan shekara 40 yana zaune wuri guda, ƙananan jiragen ja suka fizgo shi daga laka suka nufi Galveston da shi. A hanya ruwa ya riƙa shigarsa, injunan zuƙe ruwa na aiki ba tsayawa, jirgin na ƙara nutsewa, da ƙyar da jiɓin goshi ya samu hawa dandamalin gyara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ruwa ya janye, duk abin da shekaru 40 suka ɓoye ya fito fili. Aka canza wajen kashi 15 cikin ɗari na fallayen jikinsa, aka bi dubban ƙusoshi da walda, aka farfasa kankaren nan aka zubar, aka mayar da katako. A 1990 ya koma San Jacinto yana ƙyalli, aka sake yin biki.

Sai dai ruwan da ya koma ciki shi ne dai wanda ya fito daga cikinsa, ruwan mashigin Houston mai gishiri-gishiri, kuma kuɗin kulawar yau da kullum bai kai abin da jirgin ke buƙata ba. A 2007 masu zaɓe a jihar suka amince da dala miliyan 25 domin a gina masa busasshen mazauni, a raba shi da ruwa gaba ɗaya. Da injiniyoyi suka shiga ciki suka auna, sai suka tarar ƙasusuwan ƙarfen da ke ɗauke da injunansa tsatsa ta ci su har ba lallai su iya riƙe nauyin ba in babu ruwan da ke tallafe da shi. Kuɗin suka tafi wajen ƙarfafa ciki, mazaunin bai samu ba. A 2010 ya yi yoyo. A Yunin 2012 ramuka suka ɓarke da yawa har aka rufe shi ga baƙi. A Yunin 2017 wani rami da bai fi tafin hannu biyu ba ya buɗe a ƙarƙashin ruwa, jirgin ya karkata gefe. Daga baya abin ya kai ana zuƙe galan 2,000 na ruwa a kowane minti don kawai ya tsaya a sama. Akasarin ruwan nan ta tankunan kariyar da aka liƙa masa a 1926 yake shiga. Abin da aka yi don ya tsare shi daga makami, da aka daina duba shi, shi ya zama ƙofar ruwa.

Abin lura na biyu yana cikin ƙarar injunan nan. Injin zuƙe ruwa ba ya toshe rami, lokaci kawai yake saya maka. Kuma lokacin da yake saya maka da tsada yake: wutar lantarki, gyaran injin, albashin mai gadinsa, kuɗin masu nutso da ke liƙa faci. Duk wannan kuɗi yana fita, ramin yana nan, maƙwabcinsa na shirin buɗewa. Mutum na iya shekara goma yana gudu yana haki a kan matsala ɗaya, kowa na yaba ƙoƙarinsa, alhali ko taɓa tushenta bai yi ba. Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Dole wata rana a tsaya, a rufe ƙofa ga baƙi, a haƙura da kuɗin shiga, a ɗaga jirgin sama a kalli cikinsa.

Hakan aka yi. A 2019 majalisar jihar ta ware dala miliyan 35, aka kuma damƙa kula da jirgin ga wata gidauniya mai zaman kanta, Battleship Texas Foundation, bisa yarjejeniyar shekara 99. Tsoron kowa shi ne kada ya nutse a tsakiyar mashigin Houston, hanyar da jiragen mai da na kaya ke bi dare da rana. Sai aka ɗura kumfa mai daskarewa a cikin tankunan da suka ruɓe, ta cike gurbin da ruwa ke shiga, yoyon ya sauko daga galan 2,000 zuwa ƙasa da 20 a minti. A lura da bambancin kumfar nan da kankaren 1968. Ita an zuba ta ne da sanin cewa ta wucin gadi ce, an san ranar cire ta, aikinta kawai ta kai mara lafiya asibiti. Ranar 31 ga Agusta, 2022, da asuba, aka ja shi zuwa Galveston, mutane sun yi dafifi a bakin ruwa suna kallo.

Dandamalin gyaran wani makeken abu ne na ƙarfe mai bango biyu, cikinsa duk tankuna. Ana cika tankunan da ruwa ya nutse, a shigo da jirgi a tsayar da shi daidai saman tubalan da aka jera bisa siffar cikinsa, sannan a zuƙe ruwan, dandamalin ya taso sannu a hankali da jirgin a kansa. Wata 18 Texas ya yi a sama. Aka wanke cikinsa da ruwa mai ƙarfi, aka bi shi falle-falle ana auna kaurin da ya rage. Inda ya sirance a yanke da wuta, a yanko sabo daidai wurin, a ɗaga, a yi walda, a gwada ɗinkin ko yana yoyo. Aka sassare kumfar aka fitar. Tankunan kariya kuwa aka yanke ɓangarensu da ya ruɓe aka ƙera sababbi. Ƙarfen da aka canza ya kai kimanin tan 700. Majalisa ta ƙara dala miliyan 25 a 2023. Ranar 5 ga Maris, 2024, aka mayar da shi ruwa, aka ci gaba da aikin sama, katako da fenti da ƙananan bindigogi, ana mayar da shi kamar yadda yake a 1945, da shuɗin fenti mai duhu irin wanda ya sa a yaƙin tekun Pasifik.

Akwai wata shawara da masu gyaran suka yanke wadda ta burge ni. Sababbin tankunan ba a ƙera gindinsu daidai da siffar tsofaffin ba. An sauya shi yadda mutum zai iya shiga ya duba, ya share, ya shafa fenti. Mai tsananin son tarihi zai iya cewa an taɓa asali. Amma wurin a ƙarƙashin ruwa yake, baƙo ba ya ganinsa, kuma tsohuwar siffar ce ta sa wurin ya gagari kulawa har ya ruɓe. Masu gyaran sun yi tunanin wanda zai zo bayansu da fitila da buroshi bayan shekara ashirin. An kuma tsai da shawarar cewa Galveston ce za ta zama mazauninsa, garin da baƙi ke yawan zuwa, domin kuɗin ƙofa ya riƙa ɗaukar nauyin fenti. Abin lura na uku shi ne, tambayar da ta fi ta "nawa za a kashe a gyara" muhimmanci ita ce "wa zai kula da shi gobe, kuma da me".

Kada wani ya zaci akwai wata dabara da za a yi sau ɗaya a huta. Ingila ta fitar da Victory, jirgin katakon da kwamandanta Nelson ya yi yaƙin Trafalgar a cikinsa a 1805, daga ruwa tun 1922, ta ajiye shi a busasshen wuri a Portsmouth. Da ruwan da ke tallafe da shi ya tafi, sai nauyinsa ya riƙa danna shi yana buɗewa, har aka sake masa matokarai 134 da ke auna nauyin da kowace ke ɗauka, ga ruwan sama da ƙwari na cin katakon. Japan ta dasa Mikasa, jirgin Admiral Togo na yaƙin Tsushima a 1905, cikin kankare a Yokosuka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kwashe kayansa, aka mayar da doronsa gidan rawa, sai a 1961 aka dawo masa da martabarsa. A ruwa tsatsa, a tudu nauyi, a kankare sakacin mutane. Kowane mazauni da irin kulawar da yake nema.

Mai karatu na da haƙƙin tambaya: duk wannan dukiya a kan makamin kisa? Dala miliyan 60 ta gwamnati ai ta gina asibitoci. Tambaya ce mai nauyi, kuma mutanen Texas ma sun yi ta. Amsar da na gamsu da ita ita ce, shaida ba ta da madadi. Yaron da ya karanta labarin yaƙi a littafi zai iya ɗaukarsa wasa. In ya tsaya a ɗakin da aka jera gadajen ƙarfe hawa-hawa, ya ga inda samari 'yan shekara goma sha tara ke kwana cikin zafi, ya ga harsashin Cherbourg da bai fashe ba, ya ji sunan mutumin da ya mutu riƙe da sitiyari, zai fita da wani tunani daban. Injunan tururinsa ma kaɗai makaranta ce ga mai son sanin yadda aka yi ƙira shekara ɗari da suka wuce. Sannan babban ɓangaren wannan kuɗi tarar jinkiri ce. Da an riƙa kashe kaɗan-kaɗan a kan kari, da bashin bai taru haka ba. Tsatsa ba ta yafe bashi, kuma kullum ƙara shi take yi.

Mu da muka tashi a gidajen ƙasa mun san wannan karatu tun kafin mu ji sunan Texas. Kafin damina ta faɗi, maigida kan kira magini ya hau soro, a share indararo, a cike tsaga, a yi yaɓe. Aikin yini ɗaya ne ko biyu, babu mai yi masa biki, babu mai zuwa kallo. Gidan da ake yi wa haka yana iya ganin jikoki da tattaɓa kunne. Wanda aka ce a bari sai baɗi, aka sake cewa sai baɗi, ranar da azara ta karye cikin ruwan Agusta, kuɗin da za a kashe ya ninka na yaɓen shekara goma, in ma an tsira da rai.

Abin da ya rage shi ne mu tambayi kanmu ina muka yi bikin miƙawa muka sallami masu kankare tsatsa. Rijiyar burtsatsen da aka buɗe da kiɗa, aka manta da ware kuɗin gyaran famfo. Makarantar da aka yi wa fenti ta waje saboda zuwan baƙi, rufin na zuba a kan yara. Littattafan kakanni na Ajami da ke cikin akwati, ana alfahari da su a baki, ba a buɗe an duba ko gara ta shiga ba. Zumuncin da ba a taɓa yin faɗa a cikinsa ba, amma shekara uku babu wanda ya taka ƙofar wani. Aure ma ba kasafai babban rikici ke kashe shi ba. 'Yar magana ce da aka haɗiye, aka rufe da murmushi, ta kwanta a inda iska ba ta kaiwa. Muna shirya wa ranar tashin hankali, muna iya jure ta, kamar yadda Texas ya jure Cherbourg. Ranakun lafiya ne muke barin su ba gadi.

Saboda haka duk wanda aka damƙa wa wani abu, gida ne ko masallaci, ofis ne ko iyali, ya yi abu uku da masu gyaran jirgin nan suka koya da tsada. Ya sa ranar dubawa wadda ba ta jiran sai an ga alama, ya fara kuma da wurin da baƙo ba ya gani. In ya tarar da ɓarna ya faɗe ta da sunanta, in ma faci zai yi don babu hali, ya san faci ne, ya sa masa wa'adi. Sannan ranar da yake murnar samun abu, a ranar zai ware kuɗin kula da shi da sunan wanda zai kula. Mai shara da mai fenti da mai zagayen dare su ne ke riƙe da abin da jarumai suka bari, ya kamata a biya su a kan kari, a kuma girmama su. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da muka gada, mu miƙa ta ga na baya da lafiyarta.